Dokar Rolande

Lahadi, 5 ga Janairu

Malama Doreen ta ajin yaƙi da jahilci ta ce in riƙa rubuta abin da ya dame ni, ko layi biyu ne, hannu zai saba. To ga shi. Abin da ya dame ni ɗana ne, Rejean.

Yau ya nutse a Maƙogwaro, a kan idona.

Ban taɓa zuwa kallonsu ba. Ƙawata Huguette ce ta ja ni, wai in taya ta sayar da farfesun kaza, kuɗin na coci ne. Na san wurin tun ina yarinya, matsatsin nan da tafkin sama ke zubowa cikin na ƙasa, ruwansa ba ya daskarewa komai sanyi. Amma ban san haka abin yake ba. Mutum ya taso daga nesa a kan mashin ɗin ƙanƙara, ya ba shi wuta iya wuta, ƙanƙara ta ƙare a ƙarƙashinsa, ya hau kan baƙin ruwa yana gudu har ya kama ƙanƙarar wancan gefen. Tsallake suke ce masa. Mutane na tafi kamar ana biki.

Rejean ya kai tsakiya, injin ya yi tari, gaban mashin ya ɗaga sama, shi ke nan. Sai kansa kawai a ruwa. Na ga yayana Alcide ya tura kwalekwalensa, ashe kowace Lahadi yana nan a bakin ruwa yana jira. Ya kama shi ta wuyan rigar ruwa, irin mai hana mutum nutsewa, ya jawo shi. Suka kai shi tanti inda murhu ke ci, suka tuɓe shi, suka lulluɓe da barguna. Can sai wani farin galan ya taso a kan ruwan. Kowannensu yana ɗaure galan marar komai a jikin mashin da doguwar igiya, don in ya nutse a san inda yake. Da tarakta suka jawo shi.

Na shiga tantin. Leɓensa ya yi shuɗi, haƙora na kaɗawa, amma dariya yake. Ya ce, "Mama, akwai sauran farfesu?"

Litinin, 6 ga Janairu

Ina wanke-wanke ina ganin kansa a ruwa. Na fasa kofi.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ya shigo cin abinci daga ɗakinsa na bayan gida, hannu duk baƙin mai. Ya wargaza injin a gareji yana busar da shi. Na soya masa ploye, wainarmu, na jira ya ci ya ƙoshi, sannan na ce ya bari.

Ya ce shi ba yaro ba ne, ya haura talatin. Na ce ruwan bai san shekaru ba. Ya ce duk mako yana jan motar gungume, kamfani ke gaya masa lokacin tashi, hukuma ke gaya masa lokacin tsayawa da lokacin barci, Lahadi kaɗai ce tasa. Na ce to ya huta a cikinta mana, kamar mutanen kirki. Sai ya kawo maganar mahaifinsa, wadda ban so ba.

"Baba bai taɓa ganganci ba a rayuwarsa. Ƙurar injin katako ta cinye masa huhu yana zaune a kujerar can, kuma da izinin gwamnati."

Sai da ya fita amsoshi suka yi ta zuwa, ba su da amfani.

Talata, 14 ga Janairu

A aji na kasa karatu, Malama Doreen ta lura. Bayan an tashi na gaya mata. Ta ce ai shugaban 'yan kwana-kwana ya riga ya nemi majalisar gari ta hana tsallake, don mutanensa ne za su shiga ruwan in abu ya ɓaci. Za a yi taro ƙarshen wata, kowa na iya magana. Ta ce in rubuta abin da na gani in karanta.

Ni? Wadda aka cire daga makaranta aka kai gonar dankali tun ban san baƙi ba? Sai bara na fara karanta takardar magani da kaina.

Ta ce shi ya sa za su saurara.

Asabar, 18 ga Janairu

Ina ta rubutawa ina gogewa. Akwai wata kalma, na goge ta har takardar ta ɓule.

Lahadi, 19 ga Janairu

Rejean ya koma Maƙogwaro. Daga kicin ina jin kukan injuna in iska ta juyo. Na kunna rediyo da ƙarfi. Ya dawo a bushe, yana fito.

Talata, 28 ga Janairu

Na yi. Ubangiji, na yi.

Zauren makaranta ya cika, har da mutane a tsaye. Shugaban 'yan kwana-kwana ya yi magana. Wendell, ɗan sandan daji, ya yi magana, ya ce ya gaji da ciro mutane daga ruwa, wasu da rai wasu babu. Wani ya ce ƙasar nan ta 'yanci ce, in mutum ya ga dama ya nutsar da kansa ba ruwan kowa. Aka yi masa tafi. Alcide ya miƙe da hularsa a hannu, ya ce shi dai abin da ya sani, ruwa a ƙasar nan ba a Maƙogwaro kaɗai yake ba. Aka yi dariya, wani ya ce tsoho na tsoron a raba shi da farfesun kyauta.

Sai aka kira sunana. Na riƙe takardar da hannu biyu. Na karanta yadda na ga kan ɗana a baƙin ruwa, da launin leɓensa. Na ce 'yan makaranta suna tsaye suna kallo, gobe su ne. Na ce wanda ya ce ransa nasa ne shi kaɗai, bai tambayi uwarsa ba. Ban yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Da na gama na ji wata tana jan hanci.

Aka ce a ɗaga hannu. Huguette ta ɗaga har biyu, don ɗanta Gilman abokin Rejean ne, tare suke wannan hauka. An hana. Tara mai nauyi ga mai tsallake, har da duk wanda ya taimaka masa, mai kwalekwale ko mai tanti.

Rejean yana can baya jikin ƙofa. Da na waiwaya ba ya nan.

Malama Doreen ta rungume ni. Ban san ko daidai ne mutum ya ji daɗi haka ba, amma na ji.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Bayan coci na bi ta Maƙogwaro. Ba kowa, sai agwagin ruwa. An kafa allo ja, na tsaya na karanta shi tun daga sama har ƙasa, da kaina.

Rejean bai zo cin abinci ba. Zai huce.

Laraba, 5 ga Fabrairu

A shago na ji ana ce mata dokar Rolande. Da na shiga sai mai shagon ya tambaye ni ko akwai dokar da zan kafa wa masu cin bashi. Na biya na fito.

Na haɗu da Alcide a bakin gidan waya. Ya cire hula ya rusuna, ya ce, "Ranki ya daɗe, Gwamna." Na ce Yaya, ka girma da wannan. Ya ce ai ya girma da komai yanzu, ya kife kwalekwalensa a bayan gida, kaji na kwana a ƙarƙashi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Da sassafe Rejean ya ɗora mashin a bayan a-kori-kura ya fita. Ya dawo da yamma, wandonsa ya sandare daga gwiwa zuwa ƙasa. Wai faɗuwa ya yi cikin dusar ƙanƙara. Na haife shi, na san ƙaryarsa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na shiga gareji neman shebur, sai ga rigar ruwansa a rataye jikin ƙusa. A ƙasa kuma galan ɗin nan, an yanke igiyarsa da wuƙa. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce ashe zargin banza na yi masa, ya daina ke nan, tunda ya ajiye kayan. Har na ɗauki waya na kira Alcide don in yi masa gori.

Ya saurari gorin har ƙarshe. Sannan ya ce, "Rolande, ba dainawa ya yi ba."

Ya ce yanzu Wendell kan tsaya a kan hanya yana duba mashina. Duk wanda ya gani da galan a ɗaure ko da rigar ruwa, ya san inda za shi, sai ya bi shi ko ya mayar da shi. Don haka duk sun yanke galan, sun bar riguna a gida. Suna bin hanyoyin masu yankan katako zuwa tafkunan cikin daji, su biyu ko uku, ba sa gaya wa kowa. Ba kwalekwale, ba tanti, ba wuta.

Na ce ai ba haka dokar ta ce ba. Ya ce eh, ba haka ta ce ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na ajiye wa Rejean rigar ruwan a bakin ƙofarsa. Da rana na same ta a bakin tawa.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na tare shi yana tayar da mota. Na ce ya sa rigar a ƙarƙashin kwat ba wanda zai gani. Ya ce Wendell har sa mutane yake su buɗe kwat. Na ce to ya gaya min inda suke zuwa, ni kaɗai. Ya kalle ni, ba da fushi ba, da ma fushin ne.

"In gaya miki, ki rubuta ki karanta a taro?"

Litinin, 17 ga Fabrairu

Na je ofishin Wendell. Mutumin kirki ne, ya ba ni kofi. Na ce ya kama su, ko ɗana ne ya kama shi, gara a ci shi tara. Ya nuna min taswira a bango, duk shuɗi-shuɗi, tafki a kan tafki, ya ce shi kaɗai ne da mota ɗaya. Na yi masa maganar galan. Ya shafa kai, ya ce in bai duba galan ba me zai duba?

Ya ce kada in yi nadama. Tun da aka hana, 'yan makaranta sun daina taruwa, masu zuwa daga wasu garuruwa da giya a ciki sun daina zuwa. Waɗanda suka rage kaɗan ne, masu taurin kai. Ya ce doka mai kyau ce.

Na yarda da shi. Sai dai nawa yana cikin kaɗan ɗin.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Gilman.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Jiya da la'asar motar Rejean ta shigo a guje ta tsaya a karkace. Ya fito jiƙe har wuya, gashinsa ya zama ƙanƙara. Ya wuce ni ya ɗauki waya, yatsunsa sun kasa danna lamba, ni na danna masa. A nan na ji yana faɗa: Tafkin Baƙin Dutse, Gilman ya shiga bai fito ba.

Na tuɓe shi kamar jariri, bai hana ni ba. Allah ya yafe min, abin da na fara ji a raina shi ne, ba nawa ba ne.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Masu nutso sun zo daga birni. Ba su san inda za su duba ba, ba galan da zai nuna musu. Rejean ya nuna wuri, amma ruwa duk ruwa ne, kuma yana gudu ta ƙarƙashin ƙanƙara. Sun ce sai ta narke.

Na kai wa Huguette abinci. 'Yar'uwarta ta karɓa a bakin ƙofa, ta ce tana kwance.

Asabar, 1 ga Maris

Yau ya yi magana. Yana zaune a kicin, kofi ya huce a gabansa, ban tambaye shi ba.

Ya ce Gilman ya shiga da gudu mai kyau, ya fi rabi. Sai wata koriyar mota irin ta Wendell ta ɓullo a kan hanyar da ke gefen tafkin. Gilman ya juya kai. Ya zaci Wendell ne, sai hannunsa ya sassauta totur, kamar yadda kowa kan yi in ya hango hukuma a kan titi. Rejean ya ce a kan ruwa gudun ne ke riƙe da kai. Ka sassauta ko na ƙiftawar ido, ka zama dutse. Ashe motar ta wani mai kamun kifi ce, bai ma gan su ba, ya wuce abinsa.

Ya ce ya ga kan Gilman ya taso. Shi Rejean ya ja ciki a kan ƙanƙara da reshen itace, ƙanƙarar ta fashe da shi. Kafin ya fito, babu Gilman. Kayan sanyin sun sha ruwa sun ja shi.

"Da Kawu Alcide na nan, da yanzu muna yi masa tsiya."

Bai ce laifina ne ba. Na jira ya faɗa, bai faɗa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Larabar Toka, ranar da ake shafa mana toka a goshi a coci. Huguette ta zo coci, ta rame, kwat ɗin kamar ba nata ba. Da aka fito ta kama hannuna, tokar na goshinta. Ta ce, "Kin yi karatu mai kyau ran nan, Rolande. Ban samu na gaya miki ba."

Na dubi fuskarta ban gane komai ba. Ko da zuciya ɗaya ta faɗa, ko akasin haka. Ta ce ita ma ai ta ɗaga hannu. Sai ta ce a gidanta ma akwai galan, ta same shi a bayan ƙofa, har yanzu ba ta iya taɓa shi ba.

Na dawo gida na kasa cire kwat.

Talata, 11 ga Maris

Majalisa za ta sake zama. Yanzu so suke a ƙwace mashin ɗin duk wanda aka kama, kuma a kai maganar babban birnin jiha don dokar ta zama ta kowa. Malama Doreen ta ce suna so in sake karatu, muryata ce ta motsa mutane. Na ce tabarauna ya ɓace. Ta san ƙarya ne, irin wadda dukanmu 'yan ajin muka saba yi kafin mu iya karatu. Ta zauna kusa da ni ta ce ba doka ce ta kashe Gilman ba, ruwa ne, kuma shi ya kai kansa. Ta ce in lissafa yaran da ba su je ba saboda ni.

Gaskiya ta faɗa. Amma waɗancan ban san fuskarsu ba. Gilman kuwa na share masa majina.

Alhamis, 13 ga Maris

Na ɗauka mutuwar Gilman za ta tsayar da Rejean. Na ma gode wa Allah a ɓoye, abin kunya. Yau na ji ƙarar guduma a gareji. Yana gyaran mashin.

Asabar, 15 ga Maris

Ba ya cin abinci, ba ya fito, ba ya zuwa wajen abokai. Aiki, gareji. Na shiga na zauna a kan akwatin kaya ina miƙa masa abin da ya nuna. Can na ce, ina za ka da shi?

Ya ce Baƙin Dutse. Wurin da Gilman ya shiga.

Na ce ka haukace. Ya ce wataƙila. Ya ce kullum in ya rufe ido yana kwance a bakin ruwan nan da reshe a hannu, in bai tsallake shi ba a can zai tabbata. Na yi kuka, na yi zagi, na kira sunan mahaifinsa, na ce zan kwanta a gaban mota. Ya bar ni na gama. Ya ce sauran duk sun watse, shi kaɗai zai je, kuma kafin ƙanƙara ta ruɓe.

Sai daga baya na lura, ya gaya min wurin.

Litinin, 17 ga Maris

Na ɗauki waya in kira Wendell. Na ajiye. Na sake ɗauka.

In na kira, za a ƙwace mashin, zai kwana da rai ranar Lahadi. Sai ya ari wani, ko ya jira baɗi, ya tafi inda ko sunansa ban sani ba, kuma ba zai ƙara gaya min komai ba har abada. In ban kira ba...

Na yi tunanin zuba masa sukari a tanki. Ya san inji, kwana ɗaya zai gyara.

Da ban iya karatu ba, da ina nan ina sayar da farfesu, Alcide na cikin kwalekwale. Ko kuwa da yanzu wani ɗan makaranta ne a ƙarƙashin ƙanƙarar Maƙogwaro, ana cewa me ya sa ba wanda ya yi magana. Ban sani ba. Na kunna kyandir a coci, ban san me zan roƙa ba, na tsaya kawai.

Laraba, 19 ga Maris

Na je wurin Alcide. Ban roƙe shi ba, ya gane. Ya ce kwalekwale ba zai shiga wannan hanya ba, kuma likita ya hana shi ɗaukar ko guga tun da ƙirjinsa ya fara ciwo. Bai yi min tsiya ba yau, ko Gwamna bai ce ba. Ya ce abin da ke kashe mutum bayan ruwa shi ne sanyi. In akwai mota a kunne kusa, hita na ɗumama cikinta, da barguna da doguwar igiya, to akwai dama. Ya faɗa yana kallon taga, kamar da kaji yake magana.

Na ce doka ta haɗa da mai taimako. Ya ce ai kin fi ni saninta.

Juma'a, 21 ga Maris

Wendell ya biyo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana karkaɗe takalmi, ya ce ya ji ana cewa Rejean na shirin wani abu, ko na san wani abu? Ya ce ni ce na roƙe shi, bai manta ba.

Na ce jibi zai kai ni ƙetaren iyaka gaishe da gwaggonsa. Ya ce madalla, a gaishe ta. Na ba shi ploye a takarda ya tafi da shi.

Gwaggon ta rasu tun kafin Kirsimeti.

Asabar, 22 ga Maris

Na ce wa Rejean mota tawa ce gobe, ni zan tuƙa, kuma zai sa rigar. Wa zai buɗe kwat ɗin ɗan Rolande? Ya ce hanyar ba ta da kyau. Na ce na tuƙa motar dankali a taɓo tun kafin a san za a haife shi.

Lahadi, 23 ga Maris

Ban je coci ba.

Ba kallo na je ba. Tuƙi kawai na yi. Na tsayar da mota a ƙarshen hanya, hanci na kallon tafki don dai a nan ne ke da wurin juyawa. Na bar injin a kunne, hita a ƙure, barguna a kujera. Na ce ba zan fito ba, zan sa kaina a kan sitiyari har ya gama.

Wurin shiru. Ruwan ya fi na Maƙogwaro faɗi, baƙi ƙirin, gefen ƙanƙarar ya fara yin toka-toka. Gilman na nan ƙarƙashi, wani wuri. Rejean ya tsaya a bakin ruwan ya cire hula na ɗan lokaci. Sannan ya hau, ya yi nisa baya don ya sami gudu.

Na sa kaina a sitiyari kamar yadda na ce. Na ji ya taso. Na ji ƙarar ta canza da ya hau ruwa. Sai a tsakiya muryar injin ta yi ƙasa, kaɗan, kamar mai shirin yin tari. Wataƙila nan ne wurin. Wataƙila ya duba.

Ban san lokacin da na fita ba. Na tsinci kaina a kan ƙanƙara, igiya a hannu, ina ihu, "Ba shi wuta! Kada ka sassauta! Rejean, wuta!" Tun yana rarrafe abin da nake ce masa ke nan, a hankali, a hankali. Ba na jin ya ji ni ma, da wannan ƙara.

Ya kama wancan gefen. Ya zauna can a kan mashin, kansa a sunkuye, ya daɗe. Ya zagayo ta cikin itatuwa, bai sake bi ta ruwa ba.

Muka shiga mota, na tuƙa har muka hau kwalta. Ya sha shayin da na kawo. Na ce ya shiga da gudu amma ya zauna gaba da yawa, na ga hancin yana cin ruwa. Ya juyo ya kalle ni, ni kuwa ina kallon hanya. Can ya ce akwai wani wuri a arewa, ƙanƙararsa kan kai Afrilu. Ban amsa ba.

Muryata ta dushe, zan ce mura ce. Ba abin da ya canza, dokar tana nan, kuma har yanzu ina ganin daidai ce. Gilman na cikin ruwa.

Tayar baya ta hagu tana son iska. In tuna kafin Lahadi.